Ma'aji ya karanta rahoto, lissafi bai haɗu ba: shiru ne tawali'u ko magana?

Sakataren Matasa:
Salama gare ku iyaye da 'yan'uwa. Ina da tambaya, ina kuma roƙon a amsa mini da nassi. A ce a taron ikilisiya na ƙarshen shekara ma'aji ya karanta rahoton kuɗi, sai wani matashi ya lura cewa abin da ya shigo, da abin da aka kashe, da ragowar da aka ce tana banki, ba su haɗu ba. Ma'ajin nan dattijo ne, sa'an mahaifinsa. In yaron ya yi magana za a ce ba shi da tawali'u. In ya yi shiru kuma zuciyarsa ba za ta kwanta ba. Matiyu 5:5 ta ce masu tawali'u ne za su gaji duniya. To a nan wanne ne tawali'un?

Baba Dattijo:
Ɗana, bari mu fara da mutumin da Littafi Mai Tsarki da kansa ya shaida ya fi kowa tawali'u a zamaninsa, wato Musa, a Littafin Ƙidaya 12:3. Ka duba wurin da aka faɗi maganar. Yayyensa ne, Maryamu da Haruna, suke sukarsa a kan Bakushiyar da ya aura, suna cewa shi kaɗai ne Ubangiji yake magana ta bakinsa? Musa bai ce musu uffan ba. Da kuturta ta kama Maryamu ma shi ne ya yi mata roƙo, jama'a suka dakata kwana 7 ba su tashi ba sai da aka komo da ita zango.

Musan nan ne kuma a Fitowa 32 ya sauko daga dutse ya tarar da ɗan maraƙin zinariya, ya ƙone shi, ya niƙe shi, ya tsare yayansa Haruna da tambaya a kan abin da ya jawo wa jama'a. Mutum ɗaya ne, hali ɗaya ne. Abin da aka taɓa ne ya bambanta. Da aka taɓa sunansa ya bar wa Allah, da aka taɓa abin Allah da na jama'a ya buɗe baki. Baiko ba na yaron ba ne, ba na ma'aji ba ne. Gwauruwar da ta jefa naira ɗari a faranti tana da haƙƙi a ciki. Saboda haka yin gum a nan ban kira shi tawali'u ba, yawanci tsoro ne. Sai dai akwai yadda ake maganar.

Odita:
Baba ya faɗi gaskiya. Kafin a kai ga yadda za a yi maganar, tawali'un farko shi ne yaron ya yarda cewa mai yiwuwa shi ne bai gane lissafin ba. Rahoton kuɗin ikilisiya yakan ƙi haɗuwa ba tare da kowa ya ci ko kwabo ba. Cajin banki da ake cirewa kowane wata ba a shigar da shi a littafi ba. Masu tura zakka ta waya kai tsaye zuwa asusu, kuɗinsu yana banki amma ba ya cikin littafin ƙirgar ranar Lahadi. An ranci kuɗin gini an biya albashin mai bishara ba a mayar ba. Kason da ake aika wa gunduma an cire shi tun kafin a rubuta jimla. An rubuta cek a Disamba, mai shi bai karɓa ba sai Janairu. Ko kuma ragowar bara da aka buɗe shekara da ita ba a karanta ta ba sam, wanda shi ne ya fi yawa.

Don haka ya nemi takardar rahoton a hannu, kada ya dogara da abin da kunnensa ya ji a taro. Ya ɗauki ragowar bara, ya haɗa da abin da ya shigo, ya debe abin da aka kashe, ya kwatanta da abin da aka ce yana banki da wanda ke hannu. Ya yi sau biyu. In gibin yana nan, ya rubuta adadinsa daidai. "Akwai gibin dubu tamanin da huɗu tsakanin shafi na biyu da na uku" magana ce da za a iya dubawa. "Kuɗin nan akwai lauje cikin naɗi" zargi ne, ba mai iya amsa shi sai da faɗa.

Malamin Tauhidi:
In ɗora a kan na Odita. Nassi bai bar mu da "ka zama mai tawali'u" kawai ba, ya shimfiɗa hanya. Matiyu 18:15-17 ta ba da hawa uku: ka je ka same shi ku biyu kaɗai, in bai ji ba ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, in bai ji su ba a kai gaban ikilisiya. Manufar tana cikin aya ta 15, wato ka samo ɗan'uwanka. Wanda ya tafi don ya ci nasara a kansa ya riga ya kauce tun daga ƙofar gida.

Tun da dattijo ne, 1 Timoti 5 ta ƙara abu biyu. Aya ta 1 ta hana tsauta wa dattijo da kaushi, ta ce a roƙe shi kamar uba. Timoti kansa matashi ne, an kuwa ba shi aikin gyara manya, ba a ce masa ya bari sai ya yi furfura ba. Aya ta 19 kuma ta hana karɓar ƙara a kan dattijon ikilisiya sai da shaidu biyu ko uku. Wannan kariya ce ga ma'aji. Amma mutane sukan tsaya a nan su ƙi karanta aya ta 20 da ta 21, inda aka ce masu ci gaba da zunubi a tsauta musu a gaban kowa, kuma kada a nuna son kai.

Sai Galatiyawa 6:1, wadda ta ce a komo da mai laifi cikin ruhun tawali'u, mai gyaran yana lura da kansa kada shi ma a gwada shi. Gwajin mai gyara ba lalle sata ba ne. Daɗin a ce shi ne ya gano, shi ne gwajinsa.

Ɗan Kwaya:
Malam, da girmamawa, ban gamsu ba. A Galatiyawa 2:11-14 Bulus ya tsaya wa Bitrus ido da ido a Antakiya, a gaban kowa. Bai ja shi gefe ba. Bitrus kuwa ya riga shi zama manzo. In rahoto a bainar jama'a aka karanta shi, me ya sa amsar za ta koma ɗaki? Wannan "je ka same shi a keɓe" shi ake amfani da shi a kashe magana. Yaro ya je gida, a ba shi ruwa, a ce masa "ai ka san babanka ne," shi ke nan an binne.

Malamin Tauhidi:
Ɗan'uwa, ƙorafinka na ƙarshe gaskiya ne, ana yin haka. Amma dubi abin da ya faru a Antakiya. Bitrus yana ci tare da al'ummai, da mutanen Yakubu suka zo sai ya janye, sauran Yahudawa suka bi shi, har Barnaba. Kowa ya gani da idonsa, babu abin da za a bincika, kuma ɓarnar tana yaɗuwa a lokacin. A maganarmu ba a riga an san ko akwai laifi ba. Abin da ke hannu gibi ne a takarda. Wanda yake daidai da wannan shi ne Ayyukan Manzanni 18:26, inda Afolos yake wa'azi gabagaɗi a majami'a da ilimin da bai cika ba, Bilkisu da Akila suka ja shi gefe suka ƙara fayyace masa. Ba su katse shi a tsakiyar jama'a ba, ba su kuma bar shi a haka ba.

Baba Dattijo:
Ku biyun duka kuna da rabo. A raba tambaya da ƙara. Ana karanta rahoto a taro ne don 'yan ikilisiya su yi tambaya, in ba haka ba me ya sa ake karantawa? Yaron yana da dama ya ɗaga hannu, ya jira shugaban taro ya ba shi izini, ya miƙe ya gaida iyaye, ya ce, "Baba, a taimaka mini, na haɗa shafi na biyu da na uku ban samu daidai da ragowar ba, ko akwai abin da ban gani ba?" Ya zauna. Bai ambaci sata ba, bai juya yana kallon matasa don su yi masa tafi ba. In an ce za a duba a kawo amsa, ya roƙi sakatare ya rubuta a littafin taro da ranar da za a kawo ta. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ƙarar cewa wane ya ci kuɗi kuwa, ita ce ba a fara ta a taro, sai ta bi hawan da Malam ya lissafa.

Inda matasa suke ɓata lamarin wuri uku ne da na sani. Su yi ta zancen a tsakaninsu mako biyu kafin su tunkari mai shi, har maganar ta riga su isa gidansa. Su haɗa da tsofaffin ƙorafe-ƙorafe, na kuɗin kayan kiɗa da na zaɓen bara, sai dattawa su ga yaƙi ne aka kawo musu. Ko su ɗauki hoton rahoton su watsa a WhatsApp da alamar tambaya. Na ukun nan ba ya gyaruwa, domin ko an wanke mutumin daga baya, hoton yana nan a wayoyin mutane.

Mama Zumunta:
Sannunku da ƙoƙari. Tun ɗazu ina karantawa, duk tawali'un a kan yaron kuka ɗora shi. Yadda zai tsaya, yadda zai gaisar, yadda zai zauna. Shi Baba ma'aji fa? 1 Bitrus 5:5 da ake yawan karanta wa matasa cewa su yi biyayya ga dattawa, a cikin ayar nan aka ce dukanku ku yafa tawali'u ga juna. Aya ta 3 kuma ta riga ta gargaɗi dattawan kada su nuna wa garken iko. Yawancin nassosin tawali'u, don masu iko aka rubuta su. A Markus 10:42-45 manzanni ne Yesu yake ja wa kunne da suka fara rigimar kujera. A Filibiyawa 2 wanda yake cikin surar Allah ne ya ɗauki surar bawa. Wanda ba shi da komai a hannu, me zai sauke?

Tawali'un ma'aji shi ne ya buɗe littafi tun ba a tambaye shi ba. In an tambaye shi kuma kada ya ce "ni za ka tuhuma, shekara nawa ina wannan aiki?" Wannan amsar ita ce girmankai, ko da kwabo bai ɓata ba.

Odita:
Mama kin taɓo inda yake. Musa ɗin da Baba ya kawo, a Fitowa 38 daga aya ta 21 ya sa an rubuta lissafin kayan alfarwa a ƙarƙashin Itamar ɗan Haruna: zinariya talanti 29 da shekel 730, azurfa talanti 100 da shekel 1,775, har da bayanin cewa talanti ɗarin nan kwasfa ɗari aka zuba da su. Mutumin da yake magana da Allah baki da baki bai ga ya fi ƙarfin ba da lissafi ba. Ezra 8 ma haka, an auna wa firistoci azurfa da zinariya kafin a tashi, da aka isa Urushalima aka sake aunawa a rana ta huɗu aka rubuta. Bulus kuma a 2 Korantiyawa 8:18-21 bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, ikilisiyoyi suka zaɓi wanda zai raka kuɗin, don kada wani ya sami abin zargi.

A aikace ga abin da wannan yake nufi. Mutum biyu ko uku su ƙirga baiko nan take bayan sujada, ba 'yan gida ɗaya ba, su sa hannu a takarda ɗaya. A kai banki ranar aiki ta farko, kada kuɗi ya kwana biyu a gidan kowa. Mai riƙe kuɗi daban, mai rubuta littafi daban. Sa hannun mutum biyu kafin a cire kuɗi, kuma kada a taɓa sa hannu a cek da ba a cike ba don wai ɗayan zai yi tafiya. A nan ne yawancin ɓarna take shiga, ta hannun mutanen kirki masu gudun wahalar da juna.

Ɗan Kwaya:
To amma 2 Sarakuna 12:15 fa? An ce ba a nemi lissafi daga masu biyan ma'aikatan gyaran Haikali ba domin amintattu ne. Wani dattijo zai iya kafa hujja da ita.

Odita:
Sai a ce masa ya koma aya ta 9 da ta 10. Akwati ne aka huda murfinsa aka ajiye kusa da bagade, in ya cika magatakardan sarki da babban firist su zo tare su ƙirga su ɗaure a jaka. An kuwa kawo tsarin ne domin har shekara ta 23 ta sarautar Yowash firistoci ba su gyara Haikalin ba. Amanar ta zo ne bayan an gyara hanyar ƙirga.

Katikis:
Salama. In kawo abu ɗaya daga tarihin Ikilisiya. Dokar zaman sufaye da Benedikt ya rubuta a Italiya a ƙarni na 6, babi na 7 ya jera matakan tawali'u 12, kuma masu son a yi musu shiru suna son wannan babin, don akwai biyayya da kame baki a ciki. Amma babi na 3 ya umarci shugaban gidan, in babbar magana ta taso, ya tara kowa da kowa ya ji shawararsu, dalilin da aka bayar kuwa shi ne sau da yawa ƙarami Ubangiji yake bayyana wa abin da ya fi. Babi na 68 kuma ya ce in an ɗora wa ɗan'uwa abin da ya fi ƙarfinsa, ya bayyana wa shugaba dalilansa cikin haƙuri a lokacin da ya dace, ba da gardama ba. Ko a gidan da aka yi alkawarin biyayya an bar wa ƙarami ƙofar magana.

Wankin ƙafa na Alhamis Mai Tsarki ma, wanda 'yan'uwanmu na EYN, wato Ekklesiyar Yan'uwa a Nigeria, su ma suke yi a nasu tsarin, a tuna cewa a Yahaya 13 babba ne ya tuɓe mayafi ya ɗaura tawul ya zuba ruwa a daro. Cikin ƙafafun da ya wanke har da na Yahuza, mai riƙe jakar kuɗi, wanda Yahaya 12:6 ta ce yana ɗiba daga ciki. Yesu ya wanke masa ƙafa, a teburin nan kuma ya faɗa a fili cewa ɗayansu zai bashe shi.

Mama Zumunta:
Tun da an zo nan bari in faɗi wadda ta fi ta kuɗi ciwo. Kalmar nan ita ake miƙa wa matar da mijinta yake duka. Ta zo da kumburarren ido, a karanta mata 1 Bitrus 3:4 a kan ruhu mai tawali'u da natsuwa, a ce ta koma ta yi haƙuri, ba wanda ya karanta wa mijin aya ta 7. Matiyu 18 ba a yi ta don a tura wadda aka doka ta je ta sami mai dukanta su biyu a ɗaki ba. Duka, fyaɗe, taɓa yara, waɗannan laifi ne a dokar ƙasa. Najeriya tana da dokar kare haƙƙin yara ta 2003 da dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, Romawa 13:4 kuma ta ce mai mulki ba a banza yake riƙe da takobi ba. A fara kai ta inda za ta tsira, a kai ta asibiti, a sanar da hukuma. Horon ikilisiya ya biyo baya, ba ya maye gurbin wancan.

Malamin Tauhidi:
Haka ne Mama. Masu kawo Matiyu 5:39 ta juya ɗaya kuncin su duba yadda mai maganar, wato Yesu, ya yi da aka mare shi. A Yahaya 18:22-23 wani dogari ya mare shi a gaban Hanana. Bai rama ba, bai zage shi ba, amma ya ce in mugun abu ya faɗa a nuna, in kuwa daidai ya faɗa don me aka mare shi. Bulus da Sila a Filibi an yi musu bulala ba shari'a an kulle su. Da gari ya waye mahukunta suka aiko a sake su a ɓoye, Bulus ya ce a'a, su Romawa ne, su zo da kansu su fitar da su, suka kuwa zo suka ba da haƙuri. Wannan a Ayyukan Manzanni 16:35-39 yake. Abin da aka hana shi ne ramuwa. A sura ta 23 kuma, da Bulus ya yi wa Hananiya baƙar magana aka ce masa babban firist ne, nan take ya janye ya kawo nassin da ya hana zagin shugaba. Neman gaskiya bai ba shi lasisin zagi ba.

Sakataren Matasa:
Na gode iyaye. Saura guda biyu. Su wa ya kamata ya ɗauka a hawa na biyu? In kuma majalisar dattawa ta ƙi duba maganar fa? Wasu suna cewa ya ɗauki muryar ma'ajin a waya a ɓoye don ya sami hujja.

Baba Dattijo:
Kada ya ɗauki abokansa. Ya nemi mutanen da shi ma'ajin yake jin nauyinsu, ɗaya ya san lissafi, kuma waɗanda za su iya ce wa yaron "kai ne ka yi kuskure" in haka ne. Shaidu suna zuwa ne su ji ɓangare biyu. In majalisa ta yi shiru, ya rubuta takarda ta hannun sakataren ikilisiya, da kwanan wata da adadin gibin, ba da siffanta halin kowa ba, ya riƙe kwafi. In taron majalisa biyu ya wuce ba amsa, ya rubuta wa mataki na gaba bisa tsarin mulkin ɗarikarsu, gunduma ko abin da suke kira, ya kuma sanar da fastonsa cewa ya rubuta. In an bincika aka ga shi ne bai gane ba, inda ya yi tambayar nan zai koma ya faɗi haka, a gaban mutanen da suka ji ta.

Odita:
Ɗaukar murya a ɓoye kuwa a'a. Ranar da aka ji ta, maganar gibi ta mutu, sai a koma shari'ar wayar. In yana tsoron a musanta abin da aka faɗa, ɗaya daga cikin shaidun ya rubuta abin da aka tattauna a takaice, a karanta wa kowa kafin a tashi, su duka su sa hannu, kowane ɓangare ya tafi da kwafi ɗaya.